Haƙorin Gaba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ya kumburin kumatun? Allah ya sawwaƙe.

Na karanta wasiƙarki. Kin ce a asibitin gwamnati cire haƙori kyauta ne, gyara kuwa sai an biya, kuma kuɗin ya fi ƙarfin albashinki. To, mene ne abin tunani? A cire shi. Tun kina firamare nake hana ki buɗe kwalba da haƙori, ba ki ji ba.

Maganar roƙon kawunki kuwa, kada in sake jin ta. Mutumin da ya kulle shagon babanku bayan rasuwarsa, ya sa makullin a aljihu? Ban ƙara taka gidansa ba, ke ma ba za ki taka ba. Giɓi ba ciwo ba ne. Roƙo shi ne abin kunya.

Ki kula da sallah.
Mahaifiyarki.

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji, ba zan je wurin Kawu ba.

Amma na gaba ne fa, Mama, ba turmi ba. Aikina a otel shi ne in tsaya a kantar karɓar baƙi in yi musu murmushi. Manaja ya riga ya dube ni ya ce, "'Yan mata, ɗakin wanki ma yana neman hannu." Likita kuma ta ce ruɓar ta kai saiwa, ba za a wuce Alhamis ba: ko gyara ko cirewa. Na ba da sunana a layin masu cirewa.

Jiya na zauna gaban madubi ina koyon yadda kike yi: tafin hannu a baki kafin dariya ta fito. Tun ina ƙarama na zaci ladabi ne, har Yaya ta gaya mini a wannan layin aka cire naki. Na duba hotunan gida kaf, babu inda kika buɗe baki. Zan iya, kada ki damu.

A gaida Yaya.
'Yarki, Auta.

Auta,

Ina gaishe ki.

Yayarki bakinta ya yi yawa. Ki je ki cire sunanki daga wannan layi. Yau na je gidan kawunki da ƙafata, ya bar ni tsaye a ƙofa, amma ya fito da kuɗin.

Ina tafe ranar Laraba a motar farko. Kada ki bari kowa ya taɓa miki baki kafin in iso.

Kuma ki daina buɗe kwalba da haƙori.
Mahaifiyarki.