Laifina da Aka Ɗora wa Malama Rhoda

Shekari Yashim,
Lamba 17, Layin Tankin Ruwa,
Kakuri, Kaduna.
10 ga Mayu, 2004.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Cibiyar Nazarin Haske da Wutar Rana,
Kakuri.

Ranka ya daɗe,

Game da: dakatar da Malama Rhoda Ayuba kan laifin da ba nata ba

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni maƙwabcin cibiyarku ne. Na yi shekara ashirin da shida a sashen rini na masaƙa kafin a rufe ta. Ban wuce firamare ba, amma ina karatu, kuma ina yawan tunani, wanda matata Naomi ke cewa shi ne ciwona.

1. Ranar 2 ga Fabrairu, Dakta Sani Ladan da ɗalibarsa Malama Rhoda suka ɗora wani allo a rufin gidana, saboda babu bishiya a kansa. A jikin allon akwai gilasai goma sha biyu, kowanne kamar kwalin ashana, an rina su da ruwan zoɓo, wai suna mayar da hasken rana wutar lantarki. Dakta ya yi mini bayanin minti biyu, rabinsa da Turanci. Bai ce mini so suke su ga kwana nawa rana za ta yi kafin ta cinye launin ba.

2. Ranka ya daɗe, marini ba ya shanya sabon rini a tsakiyar rana. An taɓa dakatar da ni mako guda a masaƙa kan haka. A rana ta uku na ga jan ya fara komawa ruwan shayi, zuciyata ta kasa jurewa. Daga ranar, kullum ƙarfe goma sai in hau rufin in ja allon inuwar tankin ruwan gidana, ƙarfe huɗu in mayar. Ranar Lahadi ma sai da na riƙa fita coci kafin a gama wa'azi. Malama Rhoda tana zuwa awo duk Juma'a da ƙarfe takwas na safe, ta tarar da komai a wurinsa, ta rubuta abin da mita ta nuna mata, ta yi murna. Ni ma in taya ta murna.

3. Bayan mako takwas launi bai gushe ba. Dakta ya kai labari wani taro da sunansa a sama. Da aka sake gwajin a rufin cibiyarku, inda babu mai tausayi, gilasan suka mutu cikin kwana tara. Ranar 19 ga Afrilu aka dakatar da Malama Rhoda, wai ƙirƙirar lambobi ta yi. Digirinta na biyu, aikin shekara uku, yanzu yana hannun kwamiti.

4. Sau uku na zo in amsa laifina: 21 da 26 ga Afrilu, da 3 ga Mayu. Sakatare ya ce babu fom na laifin wanda ba ma'aikaci ba. Dakta kuwa ya ce mutum irina ba shi da ilimin da zai ɓata bincike. Na gode da wannan shaida, amma na ɓata.

5. Na daɗe ina auna wannan magana. Wanda ya yi ɓarna da kyakkyawar niyya, da wanda ya ƙi yin bayani don yana sauri, wa ya fi laifi? Ban gama yanke hukunci ba, sai dai duk yadda na juya ta, mutum biyu nake samu, kuma babu mace a cikinsu. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da sakamako ya yi kyau na Dakta ne, da ya lalace ya koma na ɗaliba.

Saboda haka, tunda mun fita daga zamanin soja da ake hukunci kafin a saurari mutum, ina roƙon a kira ni gaban kwamiti, a rubuta laifina da sunana daidai, a janye dakatarwar, a ba Malama Rhoda mako takwas ta sake aikinta. Rufina yana nan kyauta. Na yi alkawarin miƙa tsanina na hawa rufi ga ofishinka har a gama, domin na san halina.

Idan dole sai an ƙwace wa wani takarda, ta firamare ce kawai gare ni, kuma zan zo da ita.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Shekari Yashim,
Tsohon marini.