Adireshin Jamiu

Maamobi, Litinin

Yaya Idrisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya a Lome. Inna na gaishe ka, shago kuma lafiya lau. Na ba Imoro direba wannan takarda a tashar Tudu, tunda kirana ne ba ka ɗauka, amma hannunka bai gaji da rubuto mini zagi ta waya ba.

Kai da kanka ka amince da tsarin nan ranar da muka buɗe asusun kirifto, wato kuɗin intanet, na shago: kuɗi ba sa fita sai zuwa adireshin da muka riga muka amince da shi, ba a ƙara sabo sai da lambar da ke shigowa wayata, kuma sabon sai ya yi kwana biyu kafin ya fara aiki. Yanzu ka ce Jamiu mai sayar mana da leshi ya canja adireshin karɓar kuɗinsa, in ƙara sabon nan take. Na ce bari in kira shi in ji daga bakinsa, ka ce kada in ba ka kunya. Na ce mu fara gwadawa da ɗan kaɗan, ka ce kaina kamar na akuya.

To, na ƙara. Laraba zai buɗe. Ba ni na ƙera manhajar ba, ba zan iya tura ta da hannu ba. Kada ma ka kira ni yanzu, na gaji.

Ƙanwarka,
Rahinatu

Lome, Talata

Rahinatu,

Wa alaikumus salam. Ki goge adireshin nan kafin ki gama karanta takardar nan.

An zare wayata daga aljihu a bodar Aflao tun ranar da na ƙetare. Ban rubuto miki ko harafi ɗaya ba. Jamiu bai canja komai ba, ga shi zaune kusa da ni yana ta salati. Ɓarawon ya samu asusun a buɗe cikin wayar, ya ga ba zai iya fitar da komai zuwa nasa adireshin ba, shi ne ya biyo ta kanki.

Za ki ce me ya hana ni sanar da ke. Ban haddace lambarki ba, kuma na ɗauka wayar a kulle take. Yau na kira ki da wayar Imoro, ina cewa "Ke Rahinatu" kika katse, na sake kira kika kashe wayar gaba ɗaya. Wace irin ɗabi'a ce wannan? Jarin shagon Baba kaf yana ciki. Ke da kullum kike mini wa'azin tsaro, wani ɗan iska ya juya ki da saƙo kawai?

Ki canja lambar sirri, ki fitar da wayata daga asusun. A gaida Inna, kada ki gaya mata.

Yayanki,
Idrisu

Maamobi, Alhamis

Yaya,

Bayan gaisuwa. Motar Imoro ta lalace a hanya, sai yau da safe takardarka ta iso, bayan adireshin ya buɗe tun jiya.

Kwantar da hankalinka, ko sisi bai fita ba. Jiya mutumin ya yini yana turo saƙo, ni kuma na rantse ba zan tura kuɗin ba sai ka ba ni haƙuri. Ba wayo na yi ba, fushi na yi. Yanzu na goge adireshin, na canja lambar sirri, na fitar da wayarka. Na je ofishin kamfanin layi a New Town, sun ce sai mai layin ya zo da katin shaidarsa, don haka ka dawo ka rufe abinka. Inna ta riga ta sani, a gabanta na karanta.

Ka tambaye ni yadda aka yi ya juya ni. Yaya, na yi ta komawa kan saƙonnin nan ina neman inda ya kamata in gane ba kai ba ne. Ban samu ba. Tsofaffin hirarrakinmu ya karanta ya kwaikwaya. Har zagin akuyar ma naka ne, na watan azumi.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Rahinatu

Lome, Juma'a

Rahinatu,

Salam. Na gode wa Allah. Jamiu ya ce zai riƙe mana leshin.

Gobe ina hanya. Kada ki goge saƙonnin mutumin. Ina so in zauna in karanta su duka.

Yayanki,
Idrisu