Abin da Na Gani a Wurin Muhsin

Al Nahda, Dubai

Zuwa ga Yayana Labaran,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya bar mana ita. Ni ma lafiya ƙalau, ina nan a shagon yadin da nake aiki a Bur Dubai. Na aiko wannan ta hannun mai zuwa Kano ne saboda maganar ba ta waya ba ce. Don Allah ka karanta kai kaɗai.

Ka san wata takwas ke nan da ƙanenmu Muhsin ya bar aikin sito a Al Warsan, ya bi wani mutum mai suna Kamal zuwa tsibirin Zanzibar, wai zai riƙa zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Tare suka tafi da abokin ɗakinsa Mukaila, ɗan Gana mai yawan barkwanci. Da na samu hutu a farkon watan nan, sai na je na yi kwana biyar a wurin Muhsin.

Yaya, wurin yana da kyau, wannan ba musu. Ya kai ni tsohon gari, lungunansa matsattsu kamar na cikin birninmu, ga ƙofofin katako masu zane da ƙusoshin tagulla, ga ƙamshin kanumfari ta ko'ina. Rairayin bakin teku fari fat kamar fulawa. Da hantsi ruwa kan janye can nesa, mata su shiga suna tsinkar ciyawar teku da zannuwansu a jiƙe. Na sha ruwan kwakwa, na ci gasasshen kifi har na gaji. Amma duk yawon nan direban Kamal bai bar mu mu biyu ba ko sau ɗaya, kuma Muhsin ya rame, ko abinci yake ci sai ya riƙa waiwaye.

Ran kwana na uku muka je wani ƙauyen masunta inda yake kwana. Muna isa hirar mutanen wurin ta tsaya. Wani dattijo mai gyaran koma ya amsa sallamata, ya ƙi amsa ta Muhsin. Da direban ya juya baya, sai dattijon ya ce mini da ɗan Larabcinsa in ɗauki ɗan'uwana mu tafi tun da sauran lokaci. Na ga jirgin ruwan da su Muhsin suke aiki da shi, inji biyu gare shi, an lulluɓe cikinsa da tamfol, ba ko kujerar zama. Baƙon yawon buɗe ido kuwa ban ga ko ɗaya ya shiga ba. Da na tambayi inda Mukaila yake, direban ya riga Muhsin amsawa, ya ce ya koma Gana. Amma ga takalmansa da dardumarsa da tabaransa a ɗakin da suke kwana.

A filin jirgi Muhsin ya rungume ni, ya saka mini wata waya a jaka. Cikin raɗa ya ce fasfonsa yana hannun Kamal, kuma sati uku ke nan da Mukaila ya fita a jirgin ruwan nan, jirgin ya dawo babu shi. Wayar ta Mukaila ce. Tun da na dawo matarsa Hamidatu take kira daga Kumasi, ina kallo na kasa ɗauka. Jiya na daure na ɗauka. Ba ta gan shi ba, ba ta ji daga gare shi ba. Na gaya mata iya abin da idona ya gani, muka yi ta kuka.

Shekaranjiya sai ga Kamal da kansa a shagonmu. Bai sayi komai ba, ya dai shafa yadi yana murmushi, ya tambaye ni jikin Hajiya, har da sunan unguwarmu. Ni ban taɓa gaya masa ba. Shi ya sa gobe zan koma zama wurin ƙawata Ramlat a Sharjah.

Abin da nake roƙonka, akwai kwafin fasfon Muhsin a akwatin Hajiya. Ka ɗauka ba tare da ta sani ba, ka kai wa Kawu Mijinyawa da wannan takarda, shi ya san hanyar da za a bi a kai ga ofishin jakadancinmu na can. Kada ka jinkirta, kuma kada ka kira lambar Muhsin. Yau da safe saƙo ya shigo mini daga lambar, wai Sabuwa komai lafiya, kada in sake zuwa. Yaya, tun da yaron nan ya fara magana Iya Ƙarama yake ce mini, bai taɓa kiran sunana ba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaida matarka Zakiya da su Fatimah. Allah ya tsare mana shi, ya dawo da shi gida da ƙafarsa.

Ƙanwarka,
Sabuwa