Alamar da Na Matsar

Wallaroo, Litinin da safe

Zuwa ga Glenys, ruwan farko a gonar da ta gama ƙonewa, iskar teku a ranar da kwalta ke narkewa, matata a takarda, baƙuwata a zahiri, ƙayar kifin da ta tsaya mini a maƙogwaro, ba ta wuce ba, ba ta fito ba!

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san kina lafiya. Mai burodi ya gaya mini, matar fasto ta ƙara. Kaf garin nan an san Glenys, da shekarunta hamsin da shida, tana Adelaide gidan yayarta Bev, tana shirin bin layi da 'yan shekara sha takwas ranar Alhamis, don a gwada busarta a ɗauke ta kwalejin kiɗa. An kuma san idan aka ɗauke ta, shekara uku ba ta nan. Ni da na fara ɗora miki sarewa a leɓe, a bakin kanti nake tsintar labarinki!

Wa ya tsaya da ke a kan gadar katako shekara tara da suka wuce, ya miƙa miki kwalbar lemo ya ce ki hura bakinta har sai ta yi kuka? Wa ya sa ki tofar da shinkafa ƙwaya ƙwaya cikin teku don harshenki ya koyi sara sauti? Masu kamun ƙaguwa suna ta dariya, gashinki ja kamar alkama gab da girbi, kika goge baki kika ce, "Clive, in dai wannan ce soyayyar masu ilimi, gara in auri masunci." Ranar na san tawa ta ƙare. Kaicona! Da na sani, da na karɓe kwalbar nan na jefa ta ruwa.

Na san ɗakin da za ki shiga, ya hasken idona mai makantarwa. Shekara ashirin da biyu na yi a kujerar sarewa cikin makaɗan birni, har ranar da leɓena ya soma rawa, suka yanka mini kek, suka raka ni ƙofa. Mutum uku ne a bayan tebur. Ba sa kallon fuska, rubutu suke yi. Za su tsayar da ke a tsakiyar waƙa su ce sun gode. Kina tsammanin sabuwar malamar nan taki, wadda sarewata ta girme ta, za ta iya shirya ki don wannan shirun? Ranar da kike haɗa jaka kika ce da ni, "Tsoho, kai ba malami ba ne, keji ne." Keji! Ni da na buɗe miki ƙirji na nuna miki inda iska take kwana?

To, jiya Bev ta kira don ta ci mini mutunci kamar yadda ta saba, sai ta saki maganar da ta hana ni cin abinci. Wai har yanzu da tsohuwar takardata kike busa waƙar nan mai tafiya a hankali, kina bin alamomin da na yi miki da fensir inda za ki ja numfashi. Wai malamar ta ce ki gyara ɗaya, kika taso mata, kika ce, "Mijina ya san inda ake numfashi tun ba a haife ki ba."

Wa ya aike ki, Glenys? Wa ya ce ki kare ni? Da kin zage ni, da na yi shiru da bakina har Alhamis ta wuce.

Yarinyar nan, malamarki, ta yi gaskiya. Alamomi talatin da ɗaya ne, talatin na gaskiya, ɗaya ƙarya. Shafi na biyu, layi na uku, inda waƙar ke hawa zuwa sautin nan mai tsini. Ranar da kika cike takardar neman shiga, kina tsakar gida kina shanya, na goge alamar na tura ta gaba da gaɓar kiɗa biyu. A kicin ɗinmu kina kaiwa da ƙyar, kina ganin laifin huhunki ne. Amma gaban alƙalai tsoro yana cinye sulusin numfashi, na san wannan fiye da sunana. Sautin zai tsage a saman, za su ce sun gode, ki hau bas ɗin Juma'a ki dawo. Ni kuma ina tasha, hula a hannu, na riga na koyi fuskar tausayin da zan tare ki da ita.

Ki ɗaga takardar a hasken taga, za ki ga tabon gogewa. Nan ne wurin gaskiya. Mayar da alamar, ki busa layin sau ashirin kullum, kwana uku sun isa. Direban bas ɗin safe zan ba wasiƙar nan don kada ta makara.

Kada ki gode mini, kada kuma ki yafe, ba na bukata. Ban yi miki fatan alheri ba, ya zumar da ta zame mini maɗaci. Ina jin haushin yatsunki, ina jin haushin kunnenki da ya fi nawa, ina jin haushin kujerarki da ta ƙi daina kallona. Amma ban yi shekara tara ina gina sautin nan don ya fashe a gaban baƙi uku da hannuna ba.

Ranar Juma'a zan je tasha duk da haka. Idan ba ki sauko ba, na san kin numfasa inda ya dace.

Naki, wanda bai huce ba, ba zai huce ba, kuma ba zai taɓa koya wa wata mace hura kwalba ba,

Clive