Jaruman Roba Ashirin da Uku a Kabad Ɗina

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan fili da dukan masu karatu, manya da ƙanana. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya buɗe baki ya zage ni, ya daure ya kai ƙarshen takardar nan tukuna. Duk zagin da za ku yi mini bai kai wanda nake yi wa kaina ba, yau shekara uku ke nan.

Ni matar aure ce a Faskari, amma asalina wani ƙauye ne a bayan Pauwa, ƙasar Ƙanƙara. Iyayena Maguzawa ne, ina da shekara bakwai babanmu ya musulunta tare da mu duka. Maigidana malamin firamare ne, mutum mai haƙuri, ba ya shan taba, ba ya zaman banza. Abu ɗaya ne ya shiga ransa tun yana kwaleji, littattafan nan na zane masu labarin jarumai, wannan ya tashi sama, wancan ya ɗaga mota da hannu ɗaya. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, abokansa kowa ya ruga sayen babur da rediyo mai kaset, shi kuwa bawan Allah sai ya riƙa hawa mota zuwa Kaduna, ya shiga manyan kantuna ya sayo mutum-mutumin jaruman nan na roba. Tsawon kowanne bai wuce taƙi ɗaya ba, hannu da ƙafa na motsi, wasu har da 'yar riga da takalmi. Sai da ya tara ashirin da uku.

Yana da amini guda, malamin gona ne a Sabuwa, zan kira shi Malam Iro, ba sunansa ba ne. Ciwonsu ɗaya. Duk ranar Lahadi zai iso a babur, maigidana ya kwaso jaruman ya kai zaure, su baje su a tabarma, manyan mutane da gemu, su wuni suna dubawa kamar dillalan shanu a kasuwa. Malam Iro shi ne gwanin. Zai juya ɗaya ya duba tambarin da ke tafin ƙafarsa, ya lanƙwasa gwiwa ya saurari ƙararta, ya leƙa fentin ido ko ya zarce, har sansanawa yake yi. Sai in ji shi ta bayan katanga: "Wanga jabu ne, Malam, an cuce ka. Dubi hancin kamar an taka gurasa." Maigidana ya yi ta rantsuwa na asali ne. Akwai guda huɗu da ba a taɓa fitar da su daga kwalinsu ba, wai da an buɗe daraja ta zube, akwai kuma wani da takalminsa ɗaya ya ɓata, suka sa masa Gurgu. Ni dariya abin yake ba ni, in aika musu da fura in koma aikina. Wallahi a lokacin ban ƙi abin ba.

To ina za a ajiye su, ƙura ba ta taɓa su ba, rana ba ta kashe fentin ba? A gidan duka wuri ɗaya ne mai gilashi, kabad ɗin jerena. Maigidana ya lallashe ni na matsar da kwanonina na sama, ya jera su a wurin. Ban kawo komai a raina ba. Ban tuna cewa abin da ke cikin kabad ɗin mace, a idon mata, nata ne ba.

Sai Allah ya jarrabe mu. Cikina na fari ya zube, na biyu na haifi namiji, kwanansa goma sha ɗaya ya koma. Malam Iro ne ma ya ɗauki gawar a hannunsa zuwa maƙabarta, don maigidana ya kasa. Mata suka cika ɗakina gaisuwa, ina kwance na juya wa ƙofa baya, sun zaci barci nake. Da kunnena na ji wata gwaggon maigidana tana cewa: "Ku dubi abin da ta jera. Mala'ikun rahama za su shiga ɗakin ga? Ɗiyar arna ce fa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wata ta ce: "Su ne ke shanye ɗiyan." Jama'a, nonona na zuba, ɗana bai kwana biyu a ƙasa ba, ana cewa ni na ba da shi ga tsafi? Ni da na ga babana ya haƙa rami da hannunsa ya binne kayan tsafin gidanmu yana kuka? Daga ranar surukata ta daina cin abincin da na dafa. In na shiga gidan biki sai a matsa.

Na roƙi maigidana ya kwashe su. Ya yi dariya ya ce: "Haba, roba ce fa. Ki bar jahilai da jahilcinsu." Shi namiji ne, ɗan gari, ɗan liman, wa zai nuna shi da yatsa? Ban iya gaya masa ainihin abin da ake faɗa a kaina ba, kunya ta hana ni, don ko a gabansa ban son a tuna daga inda na fito.

Da aka tura shi kwas na mako biyu a Zariya, wata rana da hantsi na buɗe kabad na kwashe su a zanena, har da na cikin kwali, har da Gurgu, na nufi bayan gida. Ɗaya bayan ɗaya na zura su a masai. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na gama sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Tsoro bai zo ba sai da yamma. A ranar kuwa Malam Iro ya biyo, bai san maigidana ba ya gari ba, muka gaisa daga zaure ya wuce, da kwalin irin masara ɗaure a bayan babur ɗinsa, kuma maƙwabta sun gan shi.

Ranar da maigidana ya dawo ya tsaya gaban kabad, jakarsa ma bai ajiye ba, ya ce: "Ina suke?" Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe: "Malam Iro ya zo ya ce kai ka aiko shi, na sa mashi a kwali." Me ya sa ban ce ɓarayi ba? Me ya sa ban durƙusa na faɗi gaskiya ba? Har yau ban sani ba. Washegari maigidana ya tafi Sabuwa, a gaban mutane a bakin ofishin gona ya kira amininsa ɓarawo. Malam Iro ya rantse, ya ce a kawo Alƙur'ani. Maigidana ya ce: "Matata ba ta taɓa yi mani ƙarya ba." Da ya dawo ya maimaita mini maganar nan yana alfahari da ni, na shiga madafa na yi kuka na ce hayaƙi ne.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe. A Sabuwa aka sa wa Malam Iro ɓarawon 'yar tsana, manoma na yi masa dariya a bayan ido, har aka karɓe makullin sito daga hannunsa aka ba wani. Maigidana bai sake sayen ko ɗaya ba, littattafan ma ya ɗaure su ya jefa saman rumbu, ranar Lahadi sai ya zauna a zaure shi kaɗai. Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Bayan shekara na haifi mace, ga ta nan tana gudu, surukata ta dawo tana cin tuwona tana cewa tun da aka fitar da ƙazantar nan gida ya yi albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bana Malam Iro zai sauke farali. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo sallama da neman gafara, kamar yadda maniyyata ke zagawa. Ina bayan katanga. Maigidana ya ce: "Ba ni yahe maka sai ka hwaɗi gaskiya." Sai na ji muryar Malam Iro, a hankali: "To, ni na ɗauka. Ka yahe mani." Maigidana ya fashe da kuka, ya ce ya yafe duniya da lahira, suka rungume juna. Daga nan aka ce in kawo ruwa. Na durƙusa na ajiye kwanon a tabarma. Malam Iro bai ɗaga ido ya dube ni ba, ya dai ce: "Uwargida, Allah shi raya ɗiyar ga. Ki kwantar da hankalinki, magana ta wuce." A nan na gane ya sani. Tun ranar farko ya sani, don shi kaɗai ne ya tabbata ba a ba shi kwalin komai ba, amma bai taɓa cewa a kira ni a tambaye ni a gabansa ba.

Saura kwana tara jirginsu ya tashi. In na yi magana, mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya ce matarsa ba ta ƙarya zai san da wa yake zaune, kuma ban san ko zan ƙara kwana a gidan ba, ga 'yata ƙarama. In na yi shiru, bawan Allah zai tsaya gaban Ka'aba da sunan ɓarawo, da ƙaryar da ya yi wa kansa don ya rufa mini asiri, kuma ba kowa ne ke zuwa ya dawo ba. Shi ya ce magana ta wuce, amma a wurina ba ta wuce ba, ko sallah na tayar ita nake gani. Iyayena, 'yan uwana, ku dubi girman Allah ku ba ni amsa kafin jirgin nan ya ɗaga. Me zan yi?