Akwatin Mahaifiyarka da Kabad ɗin Bango

Zuwa ga ɗana Yohanna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Mu ma a Kafanchan lafiya.

Bayan haka, ƙyauren kabad mai ninkewa da ka aiko ta jirgin ƙasa ya iso. Magini ya bar masa gurbi bisa awon da ka rubuto, amma da mahaifiyarka ta gwada akwatin aurenta, sai ya ƙi shiga. Ta ce, "Malam, sai dai bangon ya matsa." Aka ƙara faɗin da taƙi ɗaya. Yanzu ƙyauren ba ya kaiwa, kafinta zai cike da katako. Akwatin kuwa yana ciki.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da surukanka.

Mahaifinka,
Bitrus