Neman Kabarin Inna a Tigmirt

Tigmirt, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Yamna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Na iso tun Litinin, sai dai gwiwoyina suna can hanya ba su ƙaraso ba. Motar Mbarek ta sauke ni a kasuwar gindin dutse, daga nan awa biyar a bayan alfadari. Shekara ashirin ina tsaye ina aske kawunan mutanen Marrakesh, bayana bai taɓa kuka irin na ranar ba. Ga hanya ga fili, alfadarin nan sai ya ce shi bakin rami zai bi. Na yi salati har maƙogwarona ya bushe, mai shi kuwa dariya kawai yake yi.

Wannan shi ne garin da aka haife mu, Yaya. Gida talatin, rabi a garƙame, mazan sun watse birni. Aka sauke ni a ɗakin baƙi na masallaci, aka kawo burodin sha'ir da man zaitun da shayi. Da na ce ni ɗan Hammu ne da Tuda, wani tsoho ya ce, "Au, jinjirin nan da aka sauka da shi cikin kwando? Lallai birni ya karɓe ka, dubi tumbi."

Yanzu ga maganar da ta kawo ni. Maƙabartar ba irin tamu ta birni ba ce. Ba suna, ba rubutu, dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, ƙaya ta rufe komai. Waɗanda suka haƙa kabarin Inna duk sun bi ta. Liman baƙo ne, shekararsa uku a nan. Kowa na tambaya sai ya ce in je wurin Lalla Ijja, ita ta wanke duk macen da ta mutu a garin nan tun kafin a haife ni, kuma ita kaɗai ta san wa ke kwance a ina.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, kamar iska ta ɗauke ta, amma ta riga ni hawa tudun. Ta ce, "Me ya kawo ka bayan shekara arba'in?" Na ce ziyara. Ban faɗi cewa Baba yana kwance ba, balle cewa ya roƙi a binne shi gefen matarsa. Kin dai ji da kunnenki ya hana ni.

Ta nuna wani kabari da sandarta. Na cire ƙayar da hannuna, na gyara duwatsun, na zuba ruwa, na karanta abin da na iya. Yaya, na yi kuka, ni da ban ma san fuskarta ba.

Ashe da sauran aiki. Yau da safe sai ga ta a ƙofar masallaci. "Ɗan Tuda, na yi kuskure jiya. Waccan Zahra ce matar maƙeri. Taka tana can sama kaɗan." Na bi ta, na sake cire ƙaya. Hawayen ne dai ba su zo da yawa ba, na riga na ƙarar wa matar maƙeri.

Kada ki gaya wa Baba komai sai na tabbatar. Mbarek yana zuwa kasuwa Litinin da Alhamis, ki ba shi amsa.

Ƙanenki,
Iddar

*

Marrakesh, ranar Asabar

Iddar,

Salama da gaisuwa. Yara lafiya, matarka ma ta zo jiya ta taya ni wanki.

Na karanta wasiƙarka, rabinta labarin alfadari. Ba yawon buɗe ido aka aike ka ba. Baba ya daina cin abinci tun ranar Alhamis, sai ruwa da cokali. Likita ya zo ya duba, ya fita bai rubuta magani ba, ka san ma'anar wannan. Duk wanda ya turo ƙofa sai Baba ya ɗaga kai ya ce, "Iddar ne? Ya gano?" Na gaji da cewa tukuna. Kwana tara ke nan ban miƙe bayana a kan katifa ba.

Ka buɗe baki ka gaya wa tsohuwar nan gaskiya. Ka ce mata mutumin yana gargara, kabari muke nema masa. Na san Baba ya hana, don ba ya so a ce ya guje wa gari yana da ƙarfi, ya dawo a kan kafaɗun mutane. To a kan kafaɗun mutanen zai dawo ko yana so ko ba ya so. Kunyar me ta rage?

Ni shekarata shida lokacin. Abin da nake tunawa kawai akwai wata bishiya kusa da inda mata suka tsaya. Ko zai taimaka, oho.

Ka yi sauri, don Allah.

Yayarka,
Yamna

*

Tigmirt, ranar Laraba

Yaya Yamna,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Baba addu'a bayan kowace salla.

Faɗanki ya iso lafiya, ko ƙura bai kwasa a hanya ba. Bishiyar da kika ce, akwai kututture uku a maƙabartar, duk an sare an yi girki da su. Ki zaɓa mini ɗaya.

Kabari bakwai na gyara zuwa yau. Bakwai, Yaya! Kullum da hantsi Lalla Ijja za ta zo ta buga ƙofa da sanda, ta ce yau kam ta tuna. Mu hau, in yi ta fama da ƙaya har azahar, in ɗebo ruwa daga rafi in zuba, in yi addu'a. Ita tana zaune a kan dutse tana ba ni labarin wadda ke ciki kamar jiya suka rabu. Sai na gama za ta dafe kai ta ce, "Kash, wannan ai Itto ce, wadda 'ya'yanta suka tafi Faransa." Tafin hannuna duk ya tsage. Ban san yadda zan riƙe aska ba in na dawo.

Ranar Litinin na ƙule. Na ce, "Lalla, in kin manta ki ce kin manta." Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Uwarka ta jira ka shekara arba'in ba ta yi ƙorafi ba, kai kwana bakwai har ka fara huci?" Da yamma ta aiko mini da miyar sha'ir mai zafi, na shanye ina jin haushin kaina.

Batun in faɗa mata gaskiya, na gwada, wallahi na gwada. Sau biyu maganar tana zuwa bakina ta koma. Ta yaya zan tsaya a tsakiyar maƙabarta in ce ina auna wa ubana wuri, alhali yana numfashi? Sai in ga kamar ni nake kira masa mutuwa. Ke kina iya irin wannan magana, ni ba na iyawa. Kuma na yi masa alkawari hannuna cikin nasa.

Kaburburan matan da suka yi tsufan na Inna ba su fi biyar suka rage ba. Ko ta tuna ko ba ta tuna ba, zuwa Litinin za mu ƙure su. Ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsun sama, mai alfadari ya ce nan da mako uku hanya za ta rufe. Ki ce wa Baba ya ƙara haƙuri, na kusa.

Na gaji, Yaya. Ko cikin barci ƙaya nake cirewa.

Naki,
Iddar

*

Marrakesh, ranar Lahadi

Iddar ƙanena,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika jiya Asabar bayan sallar asuba. Ka yi haƙuri, Allah ya ba mu dangana.

Bai sha wuya ba a ƙarshe. Ranar Juma'a da la'asar ya farfaɗo, ya gane ni, ya sake tambaya ko ka gano. Na ce masa e, ka gano, ka share wurin, akwai fili a gefenta. Ya ce alhamdu lillahi, ya juya fuska bango. Ƙarya na yi wa ubana a maganarmu ta ƙarshe, Allah ya yafe mini, amma ko yau aka maimaita haka zan faɗa.

An binne shi da azahar a nan birni. Maƙwabta sun ce in ana so a nemi mota a hau da shi. Na ce a kai shi ina? Gefen wa?

Ba zan yi maka faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Ka bar tsohuwar nan da ƙayarta ka dawo gida, mutane suna ta zuwa gaisuwa suna tambayar ina ɗansa.

Yayarka,
Yamna

*

Tigmirt, ranar Laraba

Yaya,

Salama. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta. Ke kuma Allah ya saka miki, kin yi abin da ni ban yi ba.

Mai alfadari ya kawo wasiƙarki Litinin da la'asar. Liman ya tara 'yan tsofaffin da suka rage aka yi addu'a. Ni ko kuka ban iya ba.

Jiya da hantsi sai ga sanda a ƙofa. Ta ji labari. Ta tsaya ba ta shigo ba, ta ce, "Hammu ciwo yake yi ka zo nan?" Na ce e. Ta ce, "Me aka aiko ka yi?" A nan na faɗa mata komai, yanzu da faɗar ba ta da amfani.

Yaya, sai matar nan ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Wayyo ni Ijja. Ɗan nan, me ya hana ka buɗe baki? Ziyara ka ce mini. Ziyara!"

Ashe ba ta taɓa mantawa ba. Ta ce duk wanda ya hawo daga birni neman kabarin nasa, in ta nuna masa a ranar farko, washegari ya kama hanya, ba ya sake waiwayowa. Sauran matan da ke kwance a nan kuma ba su da kowa, ita kuma hannunta ya daina iya ƙaya. Shi ya sa take zagayawa da baƙo, kowace ta samu shara da ruwa da Fatiha, nasa ya zo a ƙarshe. Duk garin sun sani. Ta ce, "Na ga ka da ƙiba, ba ka da gaggawa, na ce wannan zai yi mini goma."

Na so in zage ta. Na buɗe baki, sai na tuna ni ma ta tambaye ni tun ranar farko, na ɓoye.

Ta tashi ta ce in biyo ta. Ba ta yi ko waige ba, ta miƙe can ƙarshen maƙabartar ta gabas, inda ba mu taɓa zuwa ba. Kabarin Inna babu ƙaya ko ɗaya, shi kaɗai take iya sharewa da kanta, ƙawarta ce tun suna 'yan mata. A gefensa kuma ga fili, daidai kwanciyar mutum ɗaya, an kewaye shi da ƙananan duwatsu. Ta ce ranar da Baba zai sauka da mu ya ce mata ta riƙe masa wurin. Sau uku ana zuwa da gatari za a haƙa wa wani, tana zama a kai tana hanawa.

Kin ga ba ki yi masa ƙarya ba, Yaya. Akwai filin. Ni ne ban kai ba.

Muka zauna a gefen kabarin. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tunda mai wurin ba zai zo ba, ko za ku bar mini? Ba ni da kowa a ƙasan nan sai Tuda." Na ce ba ni ne babba ba, sai na tambayi yayata.

Zan jira amsarki zuwa Litinin, in sauko tare da mai alfadari. Ni dai kaina ya ƙulle, ban san ko tausayinta nake ji ko haushi ba. Abin da kika ce shi za a yi.

Ƙanenki,
Iddar

*

Marrakesh, ranar Asabar

Iddar,

Salama. Na karanta sau uku.

Ka ce mata ban yafe ba tukuna, kada ka rage ko kalma ɗaya. Sannan ka ce mata ta ɗauki wurin. Inna ta daɗe a kwance ita kaɗai.

Kafin ka sauko ka kai liman ya ga kabarin da idonsa, don ranar da zan hau ba na so in tambayi kowa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Yamna